Abin da Likita Ya Ciro Daga Idon Markus

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Baba Fasto, Mama, dattawa da 'yan'uwa, sannunku da zama.

Sunana Ayuba. Da yawanku kun san fuskata, domin mako bakwai ke nan ina zuwa falon nan kowace Juma'a, in zauna can bakin ƙofa kusa da takalma, tare da wancan mai baƙin tabarau. Ƙanena ne, Markus, uwa ɗaya uba ɗaya. Kun yi mana addu'a, Mama ta sha aiko mana da tuwo da miyar kuka har ɗakinmu, wasunku sun ce da ma kowa ya sami wa irina. Ba ku san wanda kuke yabo ba. Yau zan gaya muku, kuma ina roƙonku ku bar ni in kai ƙarshe ko da muryata ta karye.

Ni maharbi ne, ɗan maharbi, daga wani ƙauye a kudancin Bauci. A wurinmu harsashin kanti ba kowa ke iya sayensa ba. Sai maharba su tsince kwanson da suka harba, su kawo mini, in sake cika musu. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, kuma ba zan ɓoye ba, na iya shi. Na kuma san na iya, nan ne ciwon yake. Idan wani ya zo da shawara sai in dube shi sama da ƙasa in tambaye shi kwanso nawa ya taɓa cikawa.

Babanmu, kafin ya rasu, ya bar mini wani ɗan ƙahon akuya da ya yanke daidai. Shi ne ma'aunin albarushi. Ya ce kada in ƙara, kada in rage, kuma kada in zuba a cikinsa abin da ban san asalinsa ba. Ina da shekara goma sha bakwai ya faɗa mini haka, na kuma riƙe har na yi furfura.

Sai bana, wajen ƙarshen rani, wani ɗan gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, ya tsaya a ƙofar gidana da kurarsa. Ya ce ya ji ni ne mai cika harsashi, yana da abin da zai yi mini amfani. Ya ciro wani tsohon gwangwani kore, duk tsatsa, ya ce cikin tarkacen ƙarfe ya same shi, kuma an gaya masa albarushin soja ne da ya yi kwantai. Na buɗe. Ba gari ba ne irin namu, 'yan ƙwayoyi ne dogaye kamar kashin ɓera. Ya sayar mini da shi a kuɗin da bai kai na kaza ba, ni kuwa ina ta murna a raina wai na ci kasuwa.

Na yi gwajin da muka sani. Na ɗibi kaɗan na zuba a ƙasa na kusanta masa wuta. Namu na gida, wuta na taɓa shi zai tashi fuu lokaci ɗaya, hayaƙi ya cika tsakar gida. Wannan kuwa sai ya riƙa ci a hankali, ba wani hayaƙi. Na yi dariya ni kaɗai, na ce wannan ai ya tsufa, ya yi sanyi, shi ya sa sojoji suka yar. To, tunda ya yi sanyi, me za a yi? Sai na cika ƙahon Baba har ya yi tozo, na kuma ƙara.

'Yan'uwa, ban san cewa irin wannan albarushi a fili yake lafewa ba, a cikin bindiga kuwa ƙarfinsa ya ninka namu nesa ba kusa ba. Ban sani ba, ban kuma tambayi kowa ba, domin wa zan tambaya, ni da ake tambaya? Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ko ɗaya ban gwada da bindigata ba. Washegari za a fita farauta, mutane na jira, na cika na rarraba. Maharba uku suka saya. Markus kuwa kyauta na ba shi, har ina ce masa ya gwada ya ji sabon hannu.

Da hantsi muna bakin fadama, yana ɗan gabana kaɗan, zabi suka tashi. Ya ɗaga bindiga. Ƙarar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Da na iso, bindigar ta tsage daga gindi, yatsunsa biyu na hagu babu, fuskarsa duk jini, yana ta cewa, "Yaya, ina kake? Yaya, wa ya kashe rana?"

Tun a wurin na san abin da ya faru. Ban yi shakka ko ta minti ɗaya ba.

Amma bindigar sabuwa ce. Malam Sale maƙeri ne ya ƙera ta, maƙwabcinmu, Musulmi, mutumin da shi ya yi wa babanmu fartanya da gatari tun muna yara. Muna hanyar asibiti wani ya ce ai ƙarfen ne ba kyau. Wani ya amsa. Duk suka juyo suna kallona, tunda ni ne masani. Na buɗe bakin nan nawa na ce, "Da ma tun da na ga ƙarfen bai kwanta mini ba."

Wannan magana ita ta kashe maƙerar Malam Sale. Aka kai shi gaban mai unguwa, aka hana shi taɓa bindiga. Daga nan ko lauje mutane suka daina kai masa gyara. Yara suka riƙa jifan rumfarsa. Ya zo duba Markus da 'yan ƙwai a ƙwarya, matan gidanmu suka mayar da shi daga zaure, ina ciki ina ji ban fito ba. Ranar Lahadi kuma na sa farar riga na zauna a kujerar dattawan ikilisiya.

Gwangwanin na binne shi a bayan rumbu. Maharba biyu na bi su na karɓe harsashin, na ce sanyi ya shige shi zan canza musu. Na ukun, Ɗanladi, ya yi tafiya, ban same shi ba. Kafin ya dawo ruwa ya sauka, aka ajiye farauta, kowa ya shiga gona. Na ce wa kaina akwai lokaci, zan san dabarar da zan yi. Haka na bar guda shida a jakarsa.

Muka yi ta yawon asibiti, Bauci, Jos. Aka ce idon hagu ya tafi, na dama kuwa akwai sauran abubuwa a ciki, in ana so a cece shi a gwada Alkahira. Ikilisiya ta yi gudummawa, na sayar da shanun nomana biyu. Gari ya ɗauka, wai a zo a ga ɗan'uwa na gari. Ina jin daɗin yabon. Na riƙa gaya wa kaina ai shanun nan sun biya, Allah ma ya gani.

Da muka sauka Alkahira, wanda ya tarbe mu shi ne Malam Haruna, mutumin Maraɗi. Ya zo karatun addini shekaru da yawa da suka wuce, ya gama ya zauna da iyalinsa, yana kasuwanci yana kuma yi wa marasa lafiya tafinta. Shi ya samo mana ɗaki a nan unguwar Ainu Shams, shi ya koya mini shiga jirgin ƙasa na metro da inda ake canzawa a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, shi ke kai mu asibitin ido can Giza. Mutum ne marar hayaniya. Maganarsa ba ta wuce "Yalla, mu je" da "Tamam", wato daidai, sai in an shiga wurin likita.

Likitan dattijo ne, an ce ya daɗe yana duba sojoji kafin ya buɗe nasa wurin. Ya fara yi wa Markus ƙaramin aiki na wanke idon da fatar da ke kewaye. Ranar Alhamis muka koma. Markus na zaune da bandeji a fuska, likita ya ɗauko wani ɗan faranti na gilashi ya ajiye a kan tebur. A ciki akwai 'yan ɓarɓashin ƙarfe, da kuma wasu 'yan ƙwayoyi dogaye guda uku ko huɗu da ba su ƙone ba.

Na gane su. Wata shida suna cikin naman ƙanena, sun bi mu har Masar.

Likita ya yi magana da Larabci, doguwa, yana nuna farantin da biro, sannan ya ɗago ya dube ni. Malam Haruna ya buɗe baki zai fassara. Na miƙa ƙafa a ƙarƙashin tebur na taka tasa, na girgiza masa kai. Malam Haruna ya dube ni. Sannan ya ce wa Markus, "Ya ce aiki ya yi kyau. Sauran bayani sai ranar Lahadi."

Da muka fito, ya zaunar da Markus a benci ya saya masa shayi, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam Ayuba, ka san abin da likita ya faɗa?"

Na ce ina zan sani, ina jin Larabci ne?

Ya ce, "Ya ce wannan ba albarushin ƙauye ba ne, na harsashin soja ne. Ya ce ko wace bindigar gida aka ɗura wa shi haka sai ta fashe, komai kyan ƙarfenta. Ya kuma tambaya wa ya cika harsashin."

Na fara kame-kame. Na ce yaron ba shi da lafiya, kada a tayar masa da hankali kafin babban aiki, a bari mu koma gida.

Ya ce, "Ni kunnen Markus ne a garin nan. Ba ya gani, ba ya jin harshensu, da ni yake ji. Yau na riƙe masa magana saboda furfurarka, kuma na ji kunyar kaina. Ranar Lahadi likita zai sake tambaya, ni kuma zan faɗa yadda ya faɗa. Khalas, magana ta ƙare."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ni na ɗauke shi aiki, ba shi ya ɗauke ni ba, kuma masu tafinta ba su ƙare ba a Alkahira. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ka nemi wani. Amma kai ka ga abin da ke cikin farantin nan."

Kun san me na yi? Da yamma na je Wustul Balad wurin masu canjin kuɗi ina tambayar ko akwai wani Bahaushe mai tafinta. Har lambar waya aka ba ni. Dubi inda Shaiɗan ya kai ni, 'yan'uwa, dattijon ikilisiya yana yawo a ƙasar mutane yana neman wanda zai taya shi yi wa makaho ƙarya.

Washegari Juma'a na zo nan. Kuna waƙa, bakina na motsi ba abin da ke fita. Baba Fasto ya ɗora hannu a kan Markus yana roƙon Allah ya buɗe masa ido, kowa na cewa amin, ni kuwa a cikin zuciyata tsoro nake ji. Idan idon ya buɗe, ni zai fara gani.

Ranar Asabar da la'asar na hau rufin benenmu shanya kaya. Ba kowa sai tantabarun maƙwabta da hayaniyar motoci daga ƙasa. Na durƙusa a kan siminti da jiƙaƙƙiyar riga a hannuna. Addu'ar da na fara, ina jin kunyar faɗinta. Cewa na yi, Ubangiji, ka sa likitan nan ya manta. Ka sa Malam Haruna ya yi tafiya. Na ce ka ga shanuna, ka ga wahalar da na sha, ai ya isa.

Ba zan ce muku na ji murya daga sama ba, na gaji da ƙarya. Abin da ya faru shi ne duk hujjar da na ɗauko sai in ji ba ta da nauyi a bakina. Na ga Malam Sale tsaye a zaurenmu da ƙwaryar ƙwai. Na ga ni, mai cewa Yesu ya mutu domin zunubina, na ɗauki nawa zunubin na ɗora wa maƙeri. Ga Malam Haruna, Musulmi, ya tsaya a kan gaskiya saboda ƙanena, ni da muka sha nono ɗaya ina taka masa ƙafa.

Sai na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba. Na ce, "Yesu, ni ne. Ba ƙarfe ba ne, ba Malam Sale ba ne, ni ne. Ka gafarta mini, ka kuma ba ni ƙafar sauka benen nan, domin ni kaɗai ba zan iya ba."

Kuma ya ba ni. Tsoron bai tafi ba, amma na tashi na san ba zan kwana da maganar nan ba.

Na tarar da Markus zaune a kan katifa yana sauraron wa'azi a waya. Na ce ya kashe. Na zauna a ƙasa gabansa na faɗa masa komai, daga ɗan gwangwan har zuwa ƙafar Malam Haruna da na taka. Ban rage ba, ban kuma ce tsautsayi ne ba.

Ina jiran ya zage ni, ko ya lalubo wuyana. Da ma ya yi, da na ji sauƙi.

Sai ya ce, "Nawa ka cika?"

Na faɗa masa.

"Ina sauran?"

Na ce na karɓo na mutum biyu, saura shida wurin Ɗanladi.

Ya ɗago fuskarsa mai bandeji ya ce, "Yaya, wata shida? An kusa gama girbi fa." Ya lalubo wayar ya miƙo mini. "Kira shi. Kai za ka kira, da bakinka, ina ji."

Na kira. Allah ya sa Ɗanladi na kan tudu inda waya ke kamawa. Na ce kada ya kuskura ya sa harsashin nan a bindiga, ni na cika shi da mugun abu, shi ne ya fasa bindigar Markus. Sai ya ce birai sun dame shi a gonar dawa, har ya goge bindiga, cikin makon nan ya yi niyyar fita. Ɗanladi na da 'ya'ya biyar. Halleluya! Da na ƙara kwana uku ina ciniki da Allah a kan rufi, ban san labarin da zan tsaya ina ba ku yau ba.

Kada ku ɗauka daga nan sai rungumar juna. Markus ya yi kwana biyu bai ce mini uffan ba. Abinci in na ajiye sai na fita yake ci. Ranar Lahadi da Malam Haruna ya zo, hannunsa Markus ya kama, ni ina bin su a baya kamar baƙo. Da muka shiga wurin likita ban jira tambaya ba, na ce wa Malam Haruna ya gaya masa ni na cika harsashin. Likita ya dube ni ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya ci gaba da rubutunsa. A waje na nemi gafarar Malam Haruna. Ya ce, "Tamam. Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya wuce neman mota.

An yi babban aikin mako uku da suka wuce. Idon hagu ba zai dawo ba, yatsun ma haka, kuma ni na jawo. Da wannan zan zauna har in mutu.

Bayan aikin na roƙi Markus gafara a karo na biyu. Ya ce, "Yaya, nawa mai sauƙi ne. Ni jininka ne, ba inda za ni. Malam Sale fa? Je ka maƙera tukuna. In ka dawo sai mu yi magana ni da kai." Ban ji haushi ba. Gaskiya ya faɗa.

Saboda haka ga abin da na ƙudura, ina faɗa a gabanku domin kada in sami hanyar zillewa. Ranar Laraba za mu tashi. In Allah ya kai mu, ba zan shiga gidana ba sai na fara tsayawa a rumfar Malam Sale. Ranar kasuwa zan je gaban mai unguwa da sarkin maharba, wurin da aka kunyata shi, in faɗi abin da na faɗa muku da babbar murya. Gwangwanin nan zan nuna wa hukuma inda na binne shi su ɗauke, in sun ce in biyo su zan bi su. Kujerar dattawa na riga na aika wa fastonmu cewa na sauka. Harsashi kuwa na gama cika shi har abada, ko na wa ne. Matata ta yi kuka a waya, ta ce me za mu ci, mutane za su tofa mana yawu. Na ce mata wataƙila su tofa, Malam Sale ya sha nasa wata shida ba da laifinsa ba.

Ina jin tsoro, ba zan ce ba na ji ba. Amma wanda ya sauko da ni daga rufin nan ba zai bar ni a ƙofar maƙera ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka binne a bayan rumbu, kana zuwa sujada kana waƙa a kansa, kada ka ce akwai lokaci. Ni na faɗi haka, saura kaɗan in kashe mutum. Kai shi wurin Yesu yau, ka faɗe shi da sunansa, sannan ka tashi ka je wurin wanda ka cuta. Ka dogara gare shi, zai ba ka ƙafar tafiya.

Da safen nan muna fitowa daga tashar metro, rana ta haske mu, Markus ya tsaya ya ɗan ɗaga tabarau. Ya daɗe yana kallona da idon dama. Sai ya ce, "Yaya, rigar nan taka shuɗiya ce?"

Ga ta, kuna gani. Shuɗiya ce.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu Mai Cetona da bai bar ni cikin ƙaryata ba. Ku riƙe mu a addu'a ranar Laraba, ku kuma sa sunan Malam Sale a ciki. Amin.